Amsar Takardunku: Ina Asalin Ƙwallo, Badujala Da Aikin Agaji A Makarantun Boko?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi a kasuwannin ƙauye na yankin Funtuwa, ya aiko mana da takarda. Ya ce ɗansa yana aji biyu na babbar sakandare ta jeka-ka-dawo. Ran Litinin da ran Laraba ba ya dawowa gida sai la'asar sakaliya, wai suna ƙwallo. Ran Alhamis wai koyon badujala. Ran Asabar kuma sai ya sa kayan 'yan agaji na Red Cross ya tafi sharar asibiti da abokansa. Ga damina ta sauka, ga ciyawa tana neman cin gona. Malamin yana so mu gaya masa wanda ya ƙago wannan al'ada, da ko tana cikin karatu ko kuwa shiririta ce, da kuma ko ya hana yaron ko ya ƙyale shi.

AMSA: To, Malam, mun gode da wannan tambaya, domin mun san ba kai kaɗai take damu ba. Za mu ɗauki abin tun daga tushe, in ya so daga baya kai da kanka ka auna.

Da farko dai, tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar nan, ba a taɓa barin samari su zauna haka kawai ba. Kowane gari yana da Sarkin Samari, shi ke tara su idan an kira gayya, a je a nome gonar wanda ciwo ya kwantar, ko a gyara hanya, ko a yi wa masallaci yaɓe. Da kaka, in an kai amfani gida, sai a shiga kokawa da dambe da kalankuwa. Yara maza suna langa a dandali, 'yan mata suna gaɗa, cikin azumi kuma a yi tashe. In ka duba da kyau, abubuwan nan uku da ɗanka yake yi, wato motsa jiki da kiɗa da taimakon jama'a, duk akwai su a garinku tun zamanin kakanni. Abin da makarantar boko ta zo da shi shi ne tsara su a kan rana da sa'a, da sa musu tufafi iri ɗaya, da naɗa malamin da zai lura da su.

Shi wannan tsari daga Ingila ya taso. Wajen shekara ɗari biyu da suka wuce, makarantun kwana na 'ya'yan manyan Ingila sun yi suna wajen rashin ɗa'a. Yara in sun tashi daga aji ba su da abin yi sai faɗa da ɓarna a gonakin maƙwabta. Sannu a hankali shugabannin makarantun suka gane cewa in aka raba yaran ƙungiya-ƙungiya, aka ba su fili da ƙwallo, aka naɗa musu shugaba daga cikinsu, to, ƙarfin da suke ɓatawa wajen fitina zai tafi wajen wasa. Kowace makaranta ta riƙa yin ƙwallonta da irin dokokinta, har dai cikin 1863 aka zauna a London aka rubuta dokokin ƙwallon ƙafa na bai-ɗaya. Daga cikin waɗanda suka gama irin waɗannan makarantu ne aka riƙa aiko Razdan da Di'o da malaman makaranta zuwa ƙasashenmu, saboda haka abin da suka saba da shi, shi suka kawo.

A nan Arewa, Hans Bisha, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, shi ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano cikin 1909, kuma tun a can ba a tsaya ga alli da allo kaɗai ba, ana koyar da sana'o'in hannu. Sa'an nan aka kafa Kwalejin Katsina cikin 1921, Gwamna Kilifod ya buɗe ta cikin 1922. Ita ce aka mayar Kaduna cikin 1938, aka sake mayar da ita Zariya cikin 1949, har ta zama Kwalejin Barewa da ka sani. A Katsina wasa dole ne, ba ganin dama ba. Da yamma kowane ɗalibi sai ya fita fili, ana ƙwallon ƙafa da kiriket da wani wasa da ake kira fayif, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu tana bugun bango tana dawowa. Wani malami Bature mai suna Hogben ne ya kawo wasan cikin shekarun 1920, ya kuwa karɓu a Birnin Kebbi da Katsina da Sakkwato. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya ƙware a wannan wasa, kuma bai bar shi ba har bayan ya zama Firimiya. Ana ma yin gasar fayif ta cin kofi da sunansa. Janar Yakubu Gawon kuwa, lokacin da yake kwalejin a Zariya, shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallo, kuma gwani ne wajen tseren dogon zango da damben Turawa.

A zamanin Turawa, ranar 24 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar bikin daular Ingila. Ran nan ake tara makarantu a yi maci, a yi guje-guje da tsalle-tsalle gaban Sarki da Razdan. Bayan an sami mulkin kai sai wannan al'ada ta koma ranar 1 ga Oktoba da ranar yara, wato 27 ga Mayu. Cikin 1973, bayan yaƙin basasa, gwamnati ta ƙago bikin wasanni na ƙasa baki ɗaya, don samarin jihohi su riƙa haɗuwa a fili maimakon fagen daga. Cikin 1985 yaran Nijeriya suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin, suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 ba ko ɗaya. Cikin 1996 kuma, a gasar Olamfik ta Atalanta a Amurka, Nijeriya ta ci zinariya bayan ta doke Ajantina 3 da 2, kuma a cikin 'yan wasan akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi da Celestine Babayaro, dukkansu tashin Kaduna.

Amma fa, Malam, gaskiya ɗaya ce. Kada wani ya ruɗe ka, ko ya ruɗi yaron, da cewa ƙwallo za ta kai shi Turai. A cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo a filayen makarantu, waɗanda take zame wa sana'a ba su taka kara sun karya ba. Ba don wannan aka sa wasa a makaranta ba. An sa shi ne don lafiyar jiki, da koyon bin doka da jin maganar alƙalin wasa, da sanin cewa yau kai ka ci, gobe a ci ka, kuma a tashi a gaisa. Yaron da ya bar littafi ya rungumi ƙwallo kaɗai, shi ne ake ji wa tsoro.

Sai maganar badujala. Mun san abin da ke ranka ko da ba ka rubuta ba. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, yana da gidajensa, kuma uba da yawa ba ya so a ce an ga ɗansa da ganga a rataye. To, ita badujala ba daga makaɗan gargajiya ta fito ba, daga bariki ta fito. Kafin a sami rediyon soja, da ganga da begila ake sanar da mayaƙa lokacin tashi da lokacin tafiya da lokacin tsayawa. Sojan Turawa da 'yan sanda suka kawo ta nan, makarantu suka ara don maci. Akwai kuma wata ƙungiyar samari ta Kirista mai suna Boys' Brigade, wadda Wiliyam Simit ya kafa a birnin Gilasgo cikin 1883, ta iso Legas cikin 1908, ita ma ta yaɗa ganga da begila ƙwarai a makarantun mishan. Ɗan badujala ba ya wasa kowa, ba ya roƙon kowa, ba a yi masa liƙi. Aikinsa shi ne ya riƙe amo ɗaya don ƙafafun ɗalibai ɗari su sauka tare. Wannan yana son natsuwa da kunne, da haƙurin maimaita abu ɗaya sau hamsin.

Ban da badujala, makarantun Arewa sun daɗe da ƙungiyoyin waƙa da wasan kwaikwayo da muhawara. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wajen ƙarshen shekarun 1930, yake rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa yana zolayar masu zalunci da masu ha'inci a kasuwa. Iya tsayuwa gaban jama'a da ya yi suna da ita daga baya, a nan ya fara gwada ta. Malam Sa'adu Zungur da Malam Mu'azu Haɗeja, waɗanda waƙoƙinsu suka shiga littattafan makaranta, su ma malaman makaranta ne. Ka ga ke nan abin da yaro ya fara da shi kamar wasa bayan an tashi, wani lokaci shi ke zama abin da za a tuna shi da shi.

Yanzu sai mu zo kan aikin agaji, wanda shi ne ya fi tsawon tarihi. Ƙungiyar da ɗanka yake sa kayanta ta samo asali ne daga wani yaƙi da aka yi a Solferino, arewacin Italiya, ranar 24 ga Yuni 1859, tsakanin Faransa da abokanta a gefe guda da Ostiriya a ɗaya gefen. Wani ɗan kasuwa mutumin Suwizalan mai suna Henri Dunan, wanda harkar cinikinsa ce ta kai shi wurin, ya tarar da dubban sojoji kwance da raunuka babu mai ba su ko ruwa. Sai ya ajiye abin da ya kawo shi, ya tara matan garin da ke kusa, suka shiga wanke raunuka da ɗaurewa, ba tare da tambayar wannan na wane ɓangare ne ba. Da ya koma gida ya rubuta abin da ya gani, har cikin 1863 aka kafa ƙungiyar a birnin Janeba. Alamarta kuwa tutar Suwizalan ce aka juya launinta. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta zaɓi jan jinjirin wata a lokacin yaƙinta da Rasha na 1877, aka amince da shi a hukumance cikin 1929, shi ya sa in ka je aikin Hajji za ka ga motocin agaji na Saudiyya da jinjirin wata. Tafiyar ɗaya ce. A Nijeriya, cikin 1960 aka yi dokar da ta kafa ƙungiyar ta ƙasa, kuma tana da rassa a makarantu.

Ta biyu ita ce Sikawut. Wanda ya kafa ta wani hafsan sojan Ingila ne, Baden Pawel. Ya san Afirka ta Yamma, domin yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi ta ƙasar Asante cikin 1896. Daga baya, a yaƙin Afirka ta Kudu, aka kewaye shi a garin Mafekin har kwana 217, daga 1899 zuwa 1900. Da maza suka yi ƙaranci, sai yaran garin suka riƙa kai saƙo da wasiƙu, wasu a ƙasa wasu a kan keke. Abin ya tsaya masa a rai. Cikin Agusta 1907 ya ɗebi yara 20, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, ya kai su wani tsibiri a kudancin Ingila, ya koya musu kafa tanti da hura wuta da bin sawu da ɗaure rauni. Shekara ɗaya bayan haka ya fitar da littafi, ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa. Cikin 1910 aka kafa ta 'yan mata, wadda ƙanwarsa ta shugabanta. Sikawut ta shigo Nijeriya cikin 1915, ta 'yan mata kuma cikin 1919, daga nan suka bazu har makarantun Midil na Arewa. Abin dariya a nan shi ne, yawancin abin da Bature yake koya wa yaran birnin London, irin su bin sawun dabba da sanin hanya da tauraro, ɗan manomi da ɗan makiyayi na ƙasarmu sun riga sun iya tun suna ƙanana.

Ta uku ta fi kusa da kai, wato Ƙungiyar Samarin Manoma. A Amurka ne, cikin 1902, wani jami'in ilmi a Jihar Ohayo ya fara tara 'yan makarantar ƙauye bayan an tashi, yana sa su gwada irin masara da auna ƙasar gona. Dalili shi ne, malaman gona sun lura cewa dattijo ba ya saurin barin abin da ya gada, amma in ya ga 'yar gonar ɗansa ta fi tasa kyau, gani ya kori ji. Wannan dabara ta iso makarantunmu, kuma ta ƙara ƙarfi cikin 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka ce makarantu su yi gonaki. In kana da shekaru, wataƙila ka tuna da kunyoyin gyaɗa da lambun makaranta da kejin kaji na wancan zamani.

Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba. Bayan an kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna cikin 1962, sai ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, waɗanda kake gani suna tsara sahu a filin Idi, suna hidima a sansanin alhazai. Cikin 1973 gwamnatin Gawon ta kafa bautar ƙasa ta shekara ɗaya ga waɗanda suka gama jami'a, waɗanda wataƙila wasunsu ke koyar da ɗanka yanzu. A Jamhuriyar Nijar kuwa, bayan Seyni Kunce ya hau mulki cikin 1974, sai ya farfaɗo da Samariya, wato ya ɗauko tsohon tsarin nan na Sarkin Samari ya mai da shi na ƙasa, samari suka riƙa gina azuzuwa da dasa itatuwa. Cikin 1975 aka fara gasar kokawa ta cin takobi a Tawa. Masu sauraronmu na Maraɗi da Damagaram sun fi mu sanin wannan labari.

To, me ya sa yau uba yake ganin abin kamar baƙo? Dalili shi ne, makarantun da aka fara wannan tsari a cikinsu na kwana ne. Yaro yana can wata uku, babu gonar da ke jiran sa da yamma, saboda haka dole a nema masa abin yi. Da aka buɗe ƙofar ilmi ga kowa, musamman daga shirin firamare kyauta na 1976, sai makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita a ƙauyuka. Yaron da ke cikinsu yana da iyayengiji biyu, makaranta da gida, kuma zangon karatu na uku yana faɗowa daidai lokacin shuka da noman farko. Wanda ya tsara ƙwallon yamma a Ingila bai san da ciyawar watan Yuni ba. Saboda haka kukanka yana kan hanya, ba son kai ba ne.

Shawararmu ita ce, kada ka yanke hukunci daga zaure. Ka sa rigarka ka je makarantar da kanka, ka nemi shugaban makaranta ko malamin da ke lura da ƙungiyar. Ka tambaye shi ranakun da ake yin kowane abu da lokacin tashi. Wannan zai nuna maka ko yaron gaskiya yake faɗa, domin akwai yaran da ke fakewa da sunan ƙwallo su tafi gidan kallo ko majalisar banza. Sa'an nan ka karɓi sakamakon jarrabawarsa na zango biyu ko uku, in ba ka karanta boko ka ba wanda ka amince da shi ya duba maka. In makinsa yana nan ko yana hawa, to, abin bai cuce shi ba. In yana sauka, taura biyu ba ta taunuwa, balle uku, sai ya zaɓi ɗaya ya ajiye sauran. Ka kuma lura ko yana salla a kan lokaci, da ko ana yawan aiko shi karɓar kuɗin tufafi da na tafiya wanda ya fi ƙarfinka. In haka ne, ka kai maganar taron iyaye da malamai, don an kafa shi ne saboda irin wannan.

Game da gona kuwa, ku yi sulhu. Makonnin shuka da noman farko da maimai ba su da yawa, kuma ba sa jiran kowa. Ka gaya wa malamin cewa a waɗannan makonni Asabar ta gona ce, da rani kuma ka sakar musu shi. Malamin da ya san ƙauye ba zai ƙi ba, domin yaron da ke share asibitin gari alhali ciyawa ta rufe gonar ubansa bai fahimci agajin ba tukuna. Shi ma yaron ka zaunar da shi ka faɗa masa haka, ba da faɗa ba.

Kafin mu rufe, ga wata 'yar jarrabawa da za ka yi masa yau da dare bayan an ci tuwo. Ka ce ya nuna maka yadda ake tsayar da jini in fartanya ta sare mutum, da abin da ake yi da wanda ba a yi in maciji ya sari wani a gona, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa kafin a kai shi asibiti. In ya iya, ka san cewa Asabar ɗinsa ba ta tafi a banza ba, kuma gidanka ne zai fara cin moriyarta, tunda daga gona zuwa asibiti akwai 'yar tafiya. In kuwa ya tsaya yana sosa ƙeya, to, kai da malaminsa kuna da magana.

Da fatan Malam ya gamsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuriya. Sauran takardunku kuma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.